Kwana biyu a duwatsun Abzin: daga Agadas zuwa Timiya

Duk wanda ya taɓa sayen lemun Timiya a kasuwa ya ɗanɗani albarkar duwatsun Abzin, amma kaɗan ne cikin matasan Maraɗi, Damagaram ko Tawa suka taɓa zuwa inda yake fitowa. Ga wanda ya riga ya isa Agadas, Asabar da Lahadi sun ishe shi ya je ya dawo, in ya yi sammako.

Ziyarar kan fara ne tun yammacin Juma'a a tsohon birnin Agadas, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a shekarar 2013. Hasumiyar babban masallacin, wadda aka gina da laka, tana da tsawon mita 27, kuma daga samanta ana hango fadar Sarkin Abzin da unguwannin birnin.

Da asubar Asabar ake kama hanyar Timiya, tafiyar kilomita sama da 200 a arewa maso gabas. Hanyar ta duwatsu ce da yashin koramu, sai motar kat-kat da direban da ya san ƙasar, kuma takan cinye mafi yawan yini. Bayan baƙaƙen duwatsun da ido ya gaji da su, sai ga lambuna kore shar: lemu, rumman, dabino da inabi, ana shayar da su da ruwan rijiyoyi. Kusa da garin akwai ruwan da ke gangarowa daga dutse zuwa wani tafki, a nan baƙi kan huta. A bisa tudu kuma akwai tsohon sansanin sojan Faransa, inda ake ganin kwarin gaba ɗaya. Mai son hawan Bagzan, dutse mafi tsayi a Nijar da ya kai mita 2,022, sai ya ƙara kwanaki, domin da ƙafa da jakuna ake hawa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Rana ba ta da zafi sosai, amma sanyin dare a duwatsu yana da tsanani, don haka bargo da rigar sanyi dole ne.

A da Turawa ne ke cika waɗannan hanyoyi. Tawayen 2007 zuwa 2009, da sace ma'aikata ƴan ƙasashen waje a Arlit a 2010, sun durƙusar da harkar. A 2025 ma an sace wasu Turawa mata biyu a cikin garin Agadas. Ƴan rakiya, direbobi da maƙeran azurfa ne suka fi jin jiki, wasu suka koma haƙar zinariya.

Saboda haka ba tafiya ba ce da ake yi da ka. Wajibi ne a nemi bayanin tsaro wajen hukumomin jahar kafin a tashi, a ɗauki ɗan rakiya na ƙasar, a tanadi ruwa da mai, a kuma guji tafiyar dare.

Kafin baƙin waje su dawo, ƴan ƙasa, har da mazauna ƙetare da ke zuwa hutu, su ne za su iya raya sana'ar. Kuɗin hayar mota, na masauki da na kwandon lemu, a hannun mutanen Abzin suke tsayawa.