Yadda Iyaka Ta Faɗo Tsakanin Illela Da Birnin Ƙonni

Wanda ya ga shingen kwastan a Illela yana iya zaton can asali nan ƙasar Sarkin Musulmi ta tsaya. Ba haka ba ne. Birnin Ƙonni ma a ƙarƙashin Sakkwato ya ke kafin zuwan Turawa, kuma rijiyoyi ne su ka jawo iyaka ta sauka a wannan wuri.

A 1890 Ingila da Faransa su ka shata layi daga Say, a bakin Kwara, zuwa Barruwa, a bakin Tabkin Cadi. Da gardama ta yi yawa, sai su ka sake zama a Faris, ran 14 ga Yuni 1898, su ka zana baka a kan taswira, mai nisan mil 100 daga tsakiyar birnin Sakkwato. Duk abin da ke cikin bakan ya zama rabon Ingila, har da Ƙonni. Sarkin Musulmi Abdurrahman kuwa yana bisa gadonsa, ba wanda ya shawarce shi. Kwana biyar kafin wannan, a Pekin, Ingila ta karɓi aron ƙasar da ke bayan Hong Kong daga hannun Sin, na shekara 99. Can dai an nemi sa hannun masu ƙasa, ko da ya ke bisa tilas ne.

Faransai ba su daɗe ba su ka gane an bar musu rairayi. Hanyar da ke da ruwa daga Kwara zuwa Damagaram ta cikin bakan ta bi, ayarinsu kuwa ba ya iya zagayawa ta arewa da rani sai da wahala mai tsanani. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta keta layin, ta ƙone Birnin Ƙonni, ta kashe mutane masu yawa.

Sai a 1904 aka daidaita. Faransa ta saki wani tsohon haƙƙinta na masunta a gaɓar Newfoundland, daura da Kanada, Ingila kuma ta yarda a janyo iyaka kudu. Aka tabbatar da wannan a London cikin 1906, sa'an nan Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho su ka bi ƙasa suna kafa alamu har 1908. Ƙonni ta koma hannun Faransa, Illela ta zauna wajen Ingila, 'yan mil kaɗan tsakaninsu.