Gaskiya ko Jita-jita: Abin da Muke Ji Game da Tsibirin Nauru

Mu mutanen tudu, daga Kankia zuwa Kusada, labarin tsibiri yakan zo mana ne ta bidiyon waya: shuɗin ruwa, farin yashi, itatuwan kwakwa. Daga nan sai kowa ya cike sauran da tunaninsa. Bari mu ɗauki Nauru, wani ɗan tsibiri a tekun Fasifik, mu auna abin da ake faɗa.

"Ɗan tsibiri ba ya zama ƙasa"

Yana zama. Faɗin Nauru murabba'in kilomita 21 ne, ko kusa da girman ƙaramar hukumar Kusada bai kai ba, mutanensa kuma wajen 12,000 ne. Duk da haka yana da shugaban ƙasa da majalisa mai kujeru 19. Ya sami 'yancin kai ranar 31 ga Janairu 1968, ya shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a 1999, kuma a babban zaurenta ƙuri'arsa ɗaya ce kamar ta Najeriya. Taswirar makaranta ce ta jawo wannan ruɗani, domin sau da yawa ko ɗigo ba ta ba shi.

"Wanda teku ya kewaye ba ya ƙishirwa"

Ruwan teku gishiri ne, ba a sha, ba a ban-ruwa da shi. Babu kogi ko ɗaya a Nauru, kuma dutsen da ke ƙarƙashinsa mai ramuka ne, ruwan sama na zurarewa da sauri. Mutane suna tara ruwan rufin kwano a tankuna, suna dogara da injinan cire gishiri. Idan fari ya daɗe, sai a koma rabon ruwa da tankar mota. Ba laifinmu ba ne da muka yi wannan zato, domin a wurinmu duk ruwan da ido ya gani mai amfani ne.

"Nisan wuri ya kare su daga 'yan mulkin mallaka"

Bai kare su ba. Jamus ta mallake tsibirin a 1888, Ostireliya ta karɓe shi a 1914, Japan ta mamaye shi a 1942 ta kwashe mutum 1,200 zuwa tsibiran Chuuk, inda ɗaruruwa suka rasu.

"Ƙasa mai ma'adinai ta rabu da talauci"

Nan ne ya fi kamata mu tsaya. A 1900 wani mai suna Albert Ellis ya gano cewa duwatsun Nauru cike suke da fosfet, sinadarin nan da harafin P yake nufi a jikin buhun takin NPK da manomanmu ke saye kowace damina. Shekara da shekaru ana haƙa ana loda wa jiragen ruwa, gonakin Ostireliya da New Zealand suna yin kore. Bayan 'yancin kai kuɗin ya dawo hannun 'yan ƙasa, har a shekarun 1970 aka sa su cikin masu samu mafi yawa a duniya.

Wannan rabin labarin ne ya fi yawo, domin labarin arziki yana da daɗin faɗi. Ɗaya rabin shi ne kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar ya zama kufai, sai tsayayyun duwatsu masu kaifi da ramuka a tsakaninsu, ba wurin shuka, ba wurin gini. Fosfet ya ja baya, dukiyar da aka tara ta salwanta a jarin da bai yi albarka ba. Abincin gwangwani ya maye gurbin kifi da kwakwa, ciwon sukari ya yi katutu. Nauru ta kai ƙarar Ostireliya kotun duniya a 1989 saboda ɓarnar da haƙar ta yi wa ƙasar, aka sasanta a 1993 kan dalar Ostireliya miliyan 107. Kuɗin bai mayar da ƙasar noma ba. Duk al'ummar da aka zo wa da zancen haƙar ma'adinai a bayan gari, ya kamata ta fara tambayar wanda zai cike ramin.

"Teku ya kusa haɗiye shi"

Ana haɗa Nauru da tsibiran Tuvalu ne, inda ƙasa ba ta wuce 'yan mitoci sama da ruwa ba. Tsakiyar Nauru tudu ce da ta kai mita 60 a wasu wurare. Haɗarin dai yana nan ta wata fuska: kusan kowa yana zaune ne a siririn gaɓar teku, inda igiyar ruwa ke cin ƙasa, tudun da za a koma kuwa shi ne wanda aka riga aka haƙe.