Tsadar Kan Sarki

Bayan haka, ya ku malamai da fatake, ku sani a da wasiƙar mutumin Dukawuya zuwa Gwanja a hannun madugu take tafiya, wata da watanni. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tafiya ta gajarta, amma sai an biya kan sarki, tsadarsa kuwa talaka take kora. A Ingila, cikin 1840, bisa shawarar Rowland Hill, aka mai da kuɗin ƙaramar wasiƙa kobo ɗaya, kusa ko nesa. Ribar gidan waya ta ragu, amma cikin shekara guda wasiƙu suka ninka. Har yau littafi da takardar shaida suna bukatar gidan waya. Hukuma ta sauƙaƙa kuɗinsu. Wassalam.