JF-17: Jirgi Ɗaya Mai Aikin Jirage Uku

A da, duk ƙasar da ke son tsare samaniyarta tilas ne ta tanadi jiragen yaƙi iri-iri: na tare abokan gaba a sama, da na jefa bom, da na leƙen asiri. Haka Nijeriya ta yi. A 1975 ta fara karɓar MiG-21 daga Tarayyar Sobiyet don faɗan sama, a 1984 kuma ta sayo Jaguar guda 18 daga Ingila don kai hari a ƙasa. Kowane iri da nasa kayan gyara da makanikai da horo. Ba a cika shekara goma ba aka jingine Jaguar ɗin, saboda kuɗin kula da su ya gagara.

Maganin wannan matsala shi ne jirgi mai aiki da yawa, irin JF-17 Thunder wanda Pakistan da ƙasar Sin suka haɗa gwiwa suka ƙera. Pakistan ta matsu da neman nata jirgin bayan Amurka ta hana ta jiragen F-16 a 1990. Jirgin ya fara tashi a 2003, kuma ana harhaɗa shi a Kamra ta Pakistan.

Injinsa ɗaya ne, ƙirar Rasha mai suna RD-93, abin da ke rage cin mai da kuɗin gyara. Yana gudu fiye da ninki ɗaya da rabi na saurin sauti. Irin da Nijeriya ta saya yana da maratayai bakwai a fukafukai da ƙarƙashin ciki. Yau a rataya masa makamai masu linzami na kakkaɓo jirgi, gobe bama-bamai, jibi tankunan mai da na'urar hangen ƙasa. Rada da ke hancinsa tana duban sama da ƙasa, matuƙi kuwa yana ganin bayanan a alluna uku da ke gabansa. Yana kuma da bindiga mai baki biyu ta milimita 23.

A watan Mayu na 2021 Rundunar Mayaƙan Sama ta Nijeriya ta ƙaddamar da guda uku a Makurɗi. To, amma sayen doki ba shi ne wahala ba, harawarsa ita ce aiki. Muddin ba a ware kuɗin kayan gyara da horar da makanikai kowace shekara ba, abin da ya sami Jaguar yana iya samun wannan.