Zane a Kwamfuta Ba Sai da Dala Ba

 Shirin namu na yau na masu zane a kwamfuta ne, masu haɗa mana katin biki da fostar 'yan takara da tambarin shago.

Duk wanda ya leƙa shagunansu a Kano ko Kaduna ya san abin da ke kan allo, CorelDRAW ne da Photoshop. Ka tambayi mai shagon nawa ya saya, sai ya yi murmushi. Da yawa kwafin da aka fasa ne aka zuba daga filas, wani lokacin har da bairos a matsayin gyara. To, ba a rasa dalili ba. Tun 2013 kamfanin Adobe ya daina sayar da sabuwar Photoshop ya koma bayar da hayarta, kullum wata sai an biya, farashin kuma da dala ake ƙiyasta shi.

Sai dai akwai manhajojin da tun asali kyauta aka yi su, halak malak, kuma ba na wasan yara ba ne. Ku ji labarin Blender. A 2002 kamfanin da ya mallake ta a ƙasar Holan ya durƙushe. Wanda ya ƙirƙire ta, Ton Roosendaal, ya nemi jama'a su yi karo-karo a fanso ta, cikin mako bakwai aka tara Yuro 100,000, aka sake ta ga kowa. A watan Maris na 2025, wani fim ɗin katun daga ƙasar Latbiya mai suna Flow, labarin wata kyanwa a cikin ambaliya, babu magana ko ɗaya a cikinsa, ya ci kyautar Oscar. Da Blender aka yi shi. Irin wadda aka yi fim ɗin da ita ce yaro a Zariya zai iya saukewa yau, ko sisi ba zai biya ba.

Mai gyaran hoto yana da GIMP, wadda ɗalibai biyu suka fara a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1995. Gaskiya wanda hannunsa ya saba da Photoshop zai yi tsaki a makon farko, domin maɓallan ba a inda ya san su suke ba. Mai tambari da bana kuwa Inkscape ce tasa, zanenta ko an buɗa shi ya kai girman bango ba ya dushewa. Akwai Krita ta masu zanen hannu, Kdenlive ta bidiyo, da Audacity ta gyaran murya.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin bugawa. Mai inji zai ce maka, “Kawo min a Corel.” Inkscape tana buɗe fayil ɗin Corel, amma ba ta ajiye aiki a wannan tsarin. Maganin shi ne ka kai PDF, ka kuma mayar da rubutunka zane kafin ka fita, don kada a wayi gari ƙ da ɗ da ɓ sun koma akwatuna a katin amarya. Haruffa irin su Andika da Charis da Noto suna da waɗannan masu lanƙwasa, su ma kyauta ne. Idan aikin littafi ne ko mujalla, ka bi ta Scribus, ita ta fi sanin launukan injin bugu. Kowane aiki dai a fara buga guda ɗaya a gani, domin jan da ke allo ba lallai ne ya fito haka a takarda ba.

Kiranmu ga masu cibiyoyin koyar da kwamfuta: ku zuba wa ɗalibai Inkscape da GIMP tare da abin da kuka saba koyarwa. Mai saukewa kuma ya je shafin manhajar na asali, ya guji duk inda aka nemi kuɗi ko lambar katin banki.