Barista: lauyan da ba ya zaɓen wanda zai kare

A shekara ta 1792 gwamnatin Ingila ta kai ƙarar wani marubuci mai suna Thomas Paine, bisa zargin cewa littafinsa yana tunzura talakawa su bijire wa sarauta. Lauyan da aka nema ya tsaya masa shi ne Thomas Erskine, wanda a lokacin yake riƙe da muƙamin lauyan yarima mai jiran gado. Manya suka ja kunnensa, ya ƙi janyewa. Kotu ta sami Paine da laifi, Erskine kuma ya rasa muƙaminsa. Amma ƙa'idar da ya tsaya a kanta ta zama ginshiƙin sana'ar barista har yau: wanda ake tuhuma, kowane ne shi, yana da haƙƙin samun mai yi masa magana gaban alƙali.

Masu sauraron gidajen rediyon Nijeriya sun saba jin kalmar barista, har wasu na ɗaukar ta wata sarauta ce. Asalinta daga Ingila ne, inda aikin lauya ya rabu gida biyu. Akwai solisita, wanda mai ƙara yake fara zuwa wurinsa. Shi ke sauraron matsala, ya tattara takardu, ya nemo shaidu. Sa'an nan akwai barista, gwanin tsayawa gaban alƙali da warware matsalolin doka masu wuya. Bisa al'ada, solisita ne ke ɗauko barista a madadin mai ƙara, kamar yadda likitan ƙaramar asibiti ke tura majinyaci wurin babban likita.

Ba a zama barista sai an shiga ɗaya daga cikin tsoffin gidajen lauyoyi huɗu na birnin London: Lincoln's Inn, Gray's Inn, Inner Temple da Middle Temple. Gandi na ƙasar Indiya a Inner Temple ya zama barista cikin 1891. Bayan karatu, ɗalibi kan yi wata 12 yana koyon aiki ƙarƙashin wani babba. Waɗanda suka yi fice akan ba su muƙamin lauyan sarki, su sa rigar siliki. Kafin rasuwar Sarauniya Elizabet a 2022, lauyan sarauniya ake ce musu.

Yawancin baristoci ba su da ubangida, kowa cin gashin kansa yake yi. Sukan taru a ofis guda, su raba kuɗin haya da albashin magatakarda, amma abin da kowa ya samu nasa ne. Don haka yakan faru lauyan mai ƙara da na wanda ake ƙara su fito daga ofis ɗaya, ba tare da ɗaya ya san sirrin ɗaya ba. Magatakarda ne ke tsara ranakun aiki, shi ne kuma ake yin cinikin lada da shi.

Ƙa'idar Erskine kuwa, a yau ana kwatanta ta da layin taksi a tasha: direban da layi ya zo kansa ba ya zaɓen fasinja. Idan solisita ya kawo aiki cikin fannin da barista ya ƙware, yana da lokaci, kuma lada ya dace, ba shi da ikon ƙi don ya tsani mutumin ko don jama'a na zaginsa. Tun daga 2004 an buɗe wata ƙofa: mutum na iya zuwa kai tsaye wurin baristan da ya sami horo na musamman, ba sai ta hannun solisita ba. Wannan yana rage kuɗi, amma yana ƙara wa mai ƙara ɗawainiya, domin sau da yawa shi zai riƙa kai takardu kotu yana lura da wa'adi. A wannan hanya kuma barista na iya ƙin karɓar aiki.

Duk asirin da aka faɗa wa barista amana ce, ba ya fitar da shi. Sai dai akwai iyaka: haƙƙin kotu a kansa ya fi na wanda ya biya shi. Idan mutum ya ce masa ya aikata laifin, barista na iya tilasta wa masu ƙara su kawo hujja, amma ba zai miƙe ya ce wa alƙali mutumin bai aikata ba. Ba a kuma ba shi ajiyar kuɗin mai ƙara. Idan ya yi sakaci a kotu, tun shekara ta 2000 ana iya kai shi ƙara.

Nijeriya ta gaji sunan da hular gashin doki, amma ba ta raba aikin ba: wanda ya gama makarantar horar da lauyoyi, wadda aka kafa a 1962, barista ne kuma solisita ne. Nijar kuwa tsarin Faransa take bi, inda lauya ɗaya ke ba da shawara, ya kuma tsaya gaban alƙali.

Ko a London, ko a Kano, ko a Yamai, abin da ya kamaci mai neman lauya ɗaya ne. Ya tabbata sunan lauyan yana cikin rajistar ƙungiyar lauyoyi. Ya nemi a rubuta lada da aikin da za a yi tun farko. Ya faɗi gaskiya duka, har wadda ba ta yi masa daɗi, domin ba a ɓoye wa mai magani ciwo. Lauyan da ya yi alkawarin nasara tun kafin ya karanta takardu abin gudu ne, domin hukunci a hannun alƙali yake. Wanda ya duba ya ce ƙarar ba ta da ƙarfi, gara a yi sulhu, ya ci ladansa tun daga ranar.