Abin Yi In Injin Ɗab'i Ya Kasa Daidaita Launi

Duk wanda ya taɓa awon hatsi ya sani in mudu ya lotse, komi amanar mai awo, awon ba zai fita daidai ba. To, haka sha'anin manyan injunan ɗab'i na zamani ya ke, waɗanda a ke buga littattafai da taswirori da su don sayarwa. Mun ga ya kamata mu san wannan, gama littattafan da za mu koyar da yara daga gare su su ke fitowa.

Asalin irin wannan ɗab'i daga wani Ba'amurke ne, Chester Carlson, a shekarar 1938. Lantarki ne ke jawo garin tawada ya manne a jikin ganga, daga nan ya hau bel, ya sauka a takarda, sa'an nan zafi ya narkar da shi ya kama. Launi huɗu kaɗai injin ke da su: shuɗi mai haske, da ja mai ɗan shunayya, da rawaya, da baƙi. Sauran duka gauraye ne. In rawaya ta rage kaɗan, sai koren daji a taswira ya koma shuɗi kamar tabki, yaro ya koyi abin da ba shi ne ba, mai ɗab'i kuma ya yi hasarar dubban takardu.

Saboda haka injin ya kan auna kansa. Ya kan zuba 'yan tabo na kowane launi a kan bel, wani ƙaramin ido a cikinsa ya duba kaurinsu. Mai aiki kuma ya kan buga takardar gwaji, ya bi ta da ma'aunin launi. In abin da aka karanta ya yi nisa da ƙa'ida, sai injin ya nuna kuskure, ya ƙi karɓar awon.

A nan ne masu gaggawa ke ɓata, su hau murɗa launi da hannu. Mu dai shawararmu, a fara tuhumar mudun kafin hatsin. Da fari a rubuta lambar kuskuren, a duba ta a littafin injin. Sa'an nan a goge idon nan da ƙyalle mai laushi, a goge farar tasar da a ke gwada ma'aunin a kanta, don ƙura kaɗan ta isa ta sa ya yi ƙarya.

Na biyu takarda. A tabbata irin wadda aka gaya wa injin ita ce a ciki, gama mai sheƙi da marar sheƙi ba awonsu ɗaya ba. A ƙasarmu kuwa yanayi na da hannu ƙwarai. Da damina takarda ta kan sha laima, garin tawada ya ƙi hawa sosai. Da hunturu ta kan bushe ta manne da 'yar'uwarta, ga ƙura. Maganinsa a bar takarda a ƙunshinta ta kwana a ɗakin injin, a tsare laimar ɗakin wajen kashi 50 cikin 100.

Na uku, kada a auna injin da sanyi. A buga 'yan takardu tukuna ya ɗumama.

In duk an yi wannan bai bari ba, sai a buga kowane launi shi kaɗai. Launi ɗaya ya kwanta? A duba garinsa da gangarsa. Tabon da ke maimaituwa a tazara ɗaya alamar ganga ce ko wani abin juyawa da ya ci. In huɗun duka ne, zato ya koma kan bel. Daga nan a kira makaniki, a ba shi lambar da takardun gwajin.

Abu ɗaya a ke sakewa a sake gwaji. Wanda ya taɓa uku gaba ɗaya, ko an dace, bai san wanne ya yi magani ba, gobe kuwa ciwon zai komo. Allah ya sa mu dace.